Kujerar Sha-Shida

A studiyon da ke saman shagon mai gyaran firiji kujeru huɗu ne, amma ɗaya ce mai taya, kuma ita ce ta Sha-Shida. Sauran ukun na roba ne, kowa ya shigo ya ja ɗaya ya zauna. Mai tayar kuwa ko ƙanensa, wanda shi ne mai studiyon, bai taɓa hawa ba. Tana gaban kibod na kiɗa da kwamfuta, fatar hannunta na dama ta koɗe saboda gwiwar hannunsa, kuma wanda yake kanta shi ne mai haɗa kiɗan duk waƙar da za ta fita daga ɗakin.

Aiki ne ya raɗa masa sunan. Kiɗan da ake haɗawa a kwamfuta ba makaɗa ake tarawa ba. Mutum ɗaya ne zai zauna da kibod, manhaja kuma tana ɗauke da kayan kiɗa a cikinta: fiyano, jita, ganguna, sarewa, ƙaho, babu wanda za ka taɓa da hannu amma sautinsu na gaske ne. Abin da ke tafiya daga kibod zuwa gare su shi ake kira MIDI, kuma shi ba sauti ba ne, umarni ne tsagwaronsa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Umarnin nan yana da tashoshi goma sha shida, kamar dai na rediyo. In ka aika ta tasha ta uku, abin kiɗan da aka kamo wa tasha ta uku shi kaɗai zai amsa, sauran su yi gum. Yawancin masu wannan sana'a bakwai ko takwas suke cikawa su miƙe. Shi kuwa sai ya cika duka. Ɗaya fiyano, biyu bas, wato jita mai kaurin murya, uku da huɗu jita, biyar da shida goge, bakwai sarewa, takwas da tara ƙahoni, goma ganguna kamar yadda kowa ke yi, daga sha ɗaya zuwa sha shida kuma ƙananan abubuwa irin su tafi da kacau-kacau da ƙararrawa. In ka ce masa ya yi yawa, sai ya ce, "Wanda ya yi su sha shida mahaukaci ne? Ni ba na barin ɗaki a rufe a gidana."

Bai fara da kwamfuta ba. Da dakon lasifika ya fara, a wata ƙungiyar makaɗa masu wasa a ɗakunan taro. Yana ɗauka, yana saukewa, yana satar kallon yatsun mai kibod, har ranar da mai kibod ɗin ya yi fushi ya tafi, shi kuma ya maye gurbinsa. Wurin tsayuwar mai kibod a ƙungiyar nan a jikin tulin lasifika yake, ta hagu. Nan ya ƙarar da samartakarsa. In an tashi daga wasa kunnensa yakan yi ta kuka kamar an ɗaure sauro a ciki, abokai su ce ai alamar an yi aiki ke nan, shi ma ya yi dariya. A nan ya koya wa ƙanensa naɗe waya da haɗa makirufo. Ƙanen ya yi gaba, ya je ya koyi daidaita sauti, ya dawo mutane suna ce masa Injiniya, ya buɗe studiyo. Ranar da aka buɗe, da kansa ya turo kujerar nan mai taya ya ce, "Yaya, zauna. Kai ka haɗa, ni in tace."

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, bai kuma yi sallama ba. Na dama ya biyo baya a hankali, kuma da sautuka masu siririn kai ya fara. Sha-Shida da tashoshinsa ya gane abin. Wata rana ya danna ƙararrawa, ya ga fitila ta kama a fuskar kwamfuta, bai ji komai ba. Ya ƙara murya, shiru. Bayan ƙararrawa sai kacau-kacau, sai sarewa, sai goge. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu suka bar shi, har ya rage saura bas da babbar ganga, su ma rabi da kunne yake jinsu rabi da tafin hannu, in ya ɗora shi a kan tebur.

Matarsa, mai ɗinki ce, ita ta fara ganewa. Ta kira shi daga bakin ƙofa sau uku yana zaune yana cin abinci, sai da ta zagayo gabansa ya ɗago.

"Baban yara, raini ne ko kunne ne?"

"Tunani nake."

"To wannan tunanin naka gobe za mu kai shi asibiti."

Likitan kunne bai ja magana ba. Ya ce jijiyar ce ta gaji, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya haɗa shi da 'yar na'urar ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Tana taimaka masa da magana, amma kiɗa a cikinta kamar ana jan gwangwanaye a kan siminti, in ya ɗora hedifon, lasifikar kunne, a kanta kuma sai ta kama fito. Ga shi ana ganinta. Saboda haka kullum in ya iso ƙasan bene sai ya zare ta ya jefa a aljihun riga, sannan ya hau.

"Ka faɗa wa ƙanenka," in ji matar. "Ciki ɗaya kuka fito."

"In faɗa masa me? Kurma ne ke haɗa maka kiɗa? Ki ga an ja min kujerar roba."

"To in asiri ya tonu fa?"

"Aikina a lissafe yake. Ba zai tonu ba."

Kuma a lissafen yake, wannan ba ƙarya ya yi ba. Yana da wani fayil da ya ajiye tun kunnensa na da lafiya, shi yake kira gida: layuka goma sha shida a jere, kowanne da tasharsa, da abin kiɗansa, da ƙarfin muryarsa, babu kiɗa ko ɗaya a ciki. Kowace sabuwar waƙa sai ya buɗe gida ya shiga. MIDI kuma abu ne da ido yake gani, duk maɓallin da ka danna zai fito a matsayin 'yar sanda a kwance, doguwa ko gajera, sama ko ƙasa. Ya ce wa Injiniya mawaƙa ba sa tsayawa a kari ɗaya, don haka shi Injiniya ya riƙa zama da su yana danna masa karin waƙar da yatsa ɗaya a kibod. Injiniya ya yarda. Sha-Shida ya kalli sandunan, ya ji waƙar a ka, yatsunsa su yi sauran. In mutum zai yi masa magana sai ya juyo da kujera ya kafe bakinsa da ido. In an yi daga baya, ga hedifon a kai, wa zai ce don me bai amsa ba? Mawaƙa suka ce yana da girman kai. Ya gwammace hakan.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu. Wuta ce ta dawo da ƙarfi, ta ba da wani wari, shi ke nan. Injiniya ya kawo sabuwa da sabuwar manhaja a kanta, aka ciro fayilolin tsohuwar, amma gida ya ƙi buɗuwa. Ga waƙar Mai-Gilashi na jira, mawaƙiyar da ta fi kowa kawo musu aiki, wadda ko a ɗaki mai duhu ba ta cire baƙin gilashinta. Injiniya kuma zai tafi ɗaukar sauti a wani taro. Ya danna karin waƙar ya bar masa, ya tsaya a gabansa da jaka a kafaɗa.

"Yaya, za ka iya da sabuwar nan ko in tsaya mu jera tare?"

"Kai! Ni zan jira ka ka jera min tasha? Lokacin da na fara jera tasha ko waya ba ka iya naɗewa ba. Kama hanya."

Ya zauna ya sake gina gida daga tushe. Ya buɗe layuka goma sha shida, ya sa wa kowanne tashar da zai aika, ɗaya har sha shida, ya bi su da yatsa a fuskar kwamfuta ya ƙirga sau biyu. Ya buɗe akwatin kayan kiɗa na manhajar ya loda su a jerensu na kullum, fiyano a sama, ƙararrawa a ƙasa. Ya rufe akwatin.

To, tasha baki biyu gare ta, mai aikawa da mai karɓa. Tsohuwar manhaja duk abin kiɗan da ka loda ita take ba shi lamba da kanta, na farko ɗaya, na biyu biyu, haka har ƙarshe, shi ya sa bai taɓa damuwa da ɓangaren karɓa ba. Sabuwar ba haka take ba. A gefen sunan kowane abin kiɗa akwai wani ɗan gurbi ƙarami, kuma in ba ka taɓa shi ba a kan "duka" yake zama, wato abin kiɗan zai amsa kowace tasha. Ka danna maɓalli ɗaya, goma sha shida su amsa tare. Mai kunne a dannawar farko zai zabura ya gyara, kuskure ne da ba ya kwana.

Sha-Shida ya sa hedifon, ya zaɓi layi na bakwai, na sarewa, wanda ya daɗe da zame masa kango, ya danna.

Wani abu ya amsa.

Ya ɗauke hannu kamar ya taɓa wuta. Ya sake dannawa. Can cikin ƙashin kansa wani abu ya motsa, mai kauri, mai nauyi, amma dai sauti ne. Ya koma kan goge, ya amsa. Ya gangara har ƙararrawa, ita ma ta amsa. Bas da babbar ganga ne suke amsa masa a kowane layi, amma shi ina ya sani. Ya zauna yana danna maɓalli ɗaya yana saki, idonsa ya ciko. Ya ce a ransa ashe tsohuwar kwamfuta ce ba ta da ƙarfi, ashe likita ma yana kuskure.

Ranar da sauri ya koma gida. Ya tarar da matar a kan keken ɗinki.

"Maman yara, tsaya da keken nan. Na ji sarewa yau."

"Wace sarewa?"

"Tasha ta bakwai! Ba dai sosai ba, amma ta zo. Duk sun zo, har ƙararrawa. Kunnen nan buɗewa yake yi."

Ta kalle shi, ta ce Allah ya sa. Da ya juya zai rataye riga, na'urar tana aljihu bai mayar ba don murna, sai ta kira shi da ƙarfi daga baya. Bai waiwayo ba. Ta buɗe baki za ta sake kira, ta ga yadda yake kaɗa kai yana 'yar waƙa, ta mayar da ƙafarta kan keke.

Bai taɓa aiki da zafi irin na waƙar nan ba. Duk a hedifon ya yi, ko mai gyaran firiji bai ji ɗuriyarsa ba. Ya cika sha shidan taf, ya ba sarewa wuri fiye da kullum.

Da hantsi Injiniya ya dawo, Mai-Gilashi na biye da shi tana fifita da hannu saboda hawan bene. Ta ja kujerar roba ta zauna a bayan Sha-Shida, ya juyo ya fuskance ta.

"Babban yaya, an ce sabuwar amarya aka yi maka," ta nuna kwamfutar da haɓa. "Shi ya sa ko waya ba ka ɗauka."

"Ke dai gyara zama. Yau sai kin cire gilashin nan kin share hawaye."

"Ni? Ko a haihuwata ban yi kuka ba. Saki mu ji."

Ya mayar da sauti kan manyan lasifika, ya juya wa su Injiniya baya, ya ɗora tafin hagu a kan tebur, ya danna.

Abin da ya fito ba shi da suna. Fiyano na buga kiɗan ganga, ganguna na bin karin sarewa, ƙahoni biyu da goge biyu da ƙararrawa duk sun rufu a kan kowane maɓalli, kamar motar kayan ƙarfe ta kife a kan kwalta ta ƙi daina kifewa. Gilashin taga ya kama rawa. Mai-Gilashi ta toshe kunnuwa, ta kwashe da dariya.

"Kai, Babban yaya, ka iya tsokana! To mun ji, sa ta gasken."

Bai juyo ba. Teburin yana bugawa a ƙarƙashin hannunsa yadda bai taɓa yi ba, sandunan suna wucewa a fuskar kwamfuta kowace a wurinta, shi kuma yana gyaɗa kai, yana taka ƙafa, har da ɗaga yatsa daidai inda sarewa za ta shigo.

"Yaya," in ji Injiniya. Ya ɗaga murya. "Yaya! Kashe!"

Dariyar Mai-Gilashi ta tsaya. Daga ƙasa mai gyaran firiji ya fara dukan silin da sanda. Injiniya ya tako ya tsaya dab da kunnen yayansa na hagu ya kira shi da ƙarfin da ko a titi za a waiwayo. Kan Sha-Shida bai fasa gyaɗawa ba. Sai Injiniya ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ya tsayar da kiɗan.

Sha-Shida ya juyo da kujera yana murmushi har kunne.

"Yaya kuka ji? Kun ji sarewar nan kuwa?"

 Ya kalli bakin ƙanensa, a rufe. Ya kalli na Mai-Gilashi, ta sa hannu ta rufe nata. Murmushin ya daɗe a fuskarsa bayan murnar ta mutu.

Injiniya ya karɓi maus, linzamin kwamfutar, ya buɗe akwatin kayan kiɗa, ya sa yatsa a kan ɗan gurbin da ke gefen fiyano. Duka. Ya sauko kan bas. Duka. Ya shiga canza su, ɗaya, biyu, uku, har sha shida, Sha-Shida na bin hannunsa da ido. Tun a na uku ya gane. 

Aka sake saki. Ya mayar da hannu kan tebur. Bas ya zo, babbar ganga ta zo. Inda sarewa za ta shigo ya ga sandunanta sun iso, sun wuce, tebur bai ce komai ba.

Kiɗan ya fito tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Mai-Gilashi ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya wajen Injiniya ta rage murya, ko da yake babu amfanin ragewar.

"Ai shi ne na waƙata da ta wuce. Shigowar ƙahon nan, da juyin gangar, duk su ne. Na daɗe ina ce maka kiɗanku ya tsaya wuri ɗaya, kana cewa salo ne." Ta ɗauki jakarta. "Ka nemo wani ya haɗa min, don Allah. Ba da wata manufa ba." Ta tsaya a gaban Sha-Shida, ta ɗan rusuna, ta buɗe baki sosai yadda ake yi wa tsofaffi. "Sannu, Babban yaya. Allah ya ba da lafiya."

Wannan kam ya karanta shi sarai.

Da ta fita, Injiniya ya ja kujerar roba ya zauna gaba da gaba da shi, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Tun yaushe?"

Sha-Shida ya sa hannu a aljihu, ya ciro na'urar, ya maƙala a kunne. Amsar ke nan.

"Ni ƙanenka ne ko mai kawo aiki? Ni za ka ɓoye wa? Mawaƙa uku sun bar mu, ina ta rantse musu cewa yayana ya fi kowa kunne a garin nan. Ashe ni ma kurman ne."

"Hannuna lafiya lau yake. Ka gani da idonka, ko maɓalli ɗaya ban kuskure ba. Gurbin nan ne kawai, kuma yanzu na san shi."

"Ba gurbin ba ne, Yaya. Yaushe rabonka da jin sabuwar waƙa? Abin da ke kanka kake ta juyawa, kuma mutane sun haddace shi."

"To ka zauna kusa da ni, ka zama kunnena."

"In zama kunnenka, wa zai tace? Wa zai je ɗaukar sauti?" Injiniya ya share fuska da tafin hannu. "Ba zan ce ka zauna a gida ba, ko kusa. Studiyon nan da kai aka buɗe shi. Amma haɗa kiɗa..." Ya kalli kujerar.

Sha-Shida ya miƙe da kansa, kafin a ce masa.

A gida matar ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai tsayar da keke ta matsa masa a benci, suka zauna.

Yanzu wani ne yake haɗa kiɗa a studiyon, mutum mai natsuwa da ke zuwa bayan azahar, yana gaishe shi da girmamawa, yana kiransa Malam. Sha-Shida da safe yake zuwa, ba ya kuma cire na'urar a ƙasan bene. Yana buɗe ɗaki, ya share kibod, ya warware wayoyi, ya kunna kwamfuta, ya ja kujerar roba. Aikinsa shi ne jera tashoshin waƙar ranar, baki biyu, mai aikawa da mai karɓa. Sabon mutumin tashoshi bakwai yake amfani da su, ya kuma faɗa masa haka cikin ladabi har sau biyu, amma sha shida yake tararwa kullum. In ya gama jerawa sai ya bar akwatin kayan kiɗa a buɗe, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana danna maɓalli, yana tabbatar da fitila ɗaya ce tak take kamawa. A tasha ta biyu, ta bas, yakan ɗora tafin hannu a kan tebur ya riƙe maɓallin ya ɗan jima. Daga nan ya wuce ta uku, har ya kai ƙararrawa, ya ga fitilarta ta kama ta mutu. Sai ya mayar da kujerar roba jikin bango, ya gyara wa mai tayar zama a gaban kibod, ya sauka.